Ɗan Farin Yaya Kande

Duk wanda ya zo rumfata ya ce mini Sharhabil mawaƙi ne mai zurfin tunani, sai in ce ya zauna in zuba masa tuwo, don na san yunwa ce ke sa shi sambatu. Ni na goye yaron nan. Ni na wanke masa kashi da majina a nan Kawo, bayan tasha, inda nake tuƙa tuwo tun kafin a haifi yawancin masu tafa masa yanzu. Saboda haka in za a yi maganar Shar-Bi, kamar yadda yake rubuta sunansa a jikin fasta, a bar ni in yi, don ni ba a waya na san shi ba.

Sunana Kaltume. Uwarsa yayata ce, ciki ɗaya, Yaya Kande ta Badarawa mai ɗinkin hula. Shi ne ɗanta na fari, kuma daga nan duk maganar ta taso. A gidanmu, tun kakanninmu na Zariya, mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in yana kuka da baƙi a wurin sai dai wata ta ɗauke shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. To ga shi kuma an sa wa yaron sunan surukinta, wato mahaifin Malam Inuwa mijinta. Ka ga ƙofa ta samu kwaɗo biyu. In za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan”, in da ni take sai ta ce “ɗan naki”.

Da lokacin yaye ya yi aka kawo mini shi, don a lokacin Allah bai ba ni haihuwa ba. Yayen da bai ƙare ba ke nan sai da ya yi gemu. Yaya Kande kuwa sai ta tsiro da sayen zare a Kawo, alhali ga masu zare har ƙofar gidanta. Ta zo ta zauna a bencina, ta juya wa yaron baya, ta ce, “Kaltume, ɗan naki ya ci abinci kuwa? Na ga wuyansa ya yi tsawo.” Da wane ido ta ga wuyan, oho. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da shi, na dawo daga tasha da rana tsaka na same ta ta rungume shi a ƙirji tana hura masa iska a idanu, hawaye na ɗiga a kansa. Tana jin motsina ta dire shi kamar ta taɓa garwashi, ta ce wai ƙuda take kore masa. Kowace Salla kuma sai hula ta zo a ƙunshe cikin takarda, ɗinkin hannunta, daidai kansa cif, ba ta taɓa gwada kan ba.

Duk wannan ya sani. Ina so a riƙe wannan da kyau, don kada gobe wani ya ce mini yaro ne bai fahimta ba. Kowace hula na miƙa masa sai na ce, “Ungo, inji Ummanka.”

Murya kam Allah ya ba shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun yana Islamiyya shi ke jan baiti ranar walima, mata na ta share hawaye da gefen mayafi. Kunya ce dai ranar da ake rabonta ya tafi banɗaki. Yana gama sakandare ya kafe shi waƙa zai yi. Malam Inuwa, masinja ne a sakatariya, mutum mai gudun abin magana, ya ce shi bai haifi maroƙi ba. Bai daɗe da faɗin haka ba Allah ya yi masa rasuwa. Yaro ya zauna mini a gida yana kumbure-kumbure, wai shi fiyano yake so, wai in babu fiyano rayuwarsa ta ƙare. Ina na ga kuɗin fiyano a cikin tukunyar tuwo?

Bayan ta fita takaba sai ga Yaya Kande da ƙatuwar kwali a bayan a-kori-kura. Ta sayar da kwallayenta da tasoshinta na aure, waɗanda uwarmu ta jera mata, ɗakinta ya koma fayau kamar masallaci. Ta ce, “Ki ba ɗanki. Kada ki ce ni ce.” Ko fita daga layin ba ta yi ba na gaya masa. Ya yi tsalle, ya rungume kwali, ya ce Allah ya saka wa Umma. Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba.

Daga nan sana'a ta kankama, in sana'a ce. Ya fara da waƙar biki. Kiɗa ɗaya gare shi, sai dai ya cire sunan amarya ya sa na wata, har sai da aka yi bikin 'yan gida ɗaya aka gane shi. Ya koma tallan sabulu a rediyo. Da siyasa ta zo ya yi wa wani ɗan takarar kansila waƙa, ya juya ya yi wa abokin hamayyarsa da amshi iri ɗaya, duka biyun suka faɗi. Sai ya ce ai Hausa ce ke dakushe shi, mutanen Arewa ba su san fasaha ba, shi na duniya ne. Ya tattara ya tafi Legas zai yi waƙa da Turanci. Turancin da ko a jarrabawa sai da ya maimaita! Muka riƙa ganinsa a waya da sarƙa a wuya, yana magana ta hanci, yana nuna mutane da yatsu kamar mai ciwon sanyin ƙashi. Bayan 'yan shekaru ya dawo mini da kitso a kai da yunwa a ciki. Na sa wanzami ya sauke kitson, na zuba masa malmala uku, ya share su bai ɗago ba.

To, ana nan sai wani gidan rediyo ya gayyace shi hira, irin shirin nan na tsofaffin mawaƙan da aka manta da su. Ina rumfa ina kwasar tuwo, rediyo na rataye a jikin ginshiƙi. Yarinyar da ke hirar ta ce ya ba su labarin wahalar da ya sha yana yaro, don kowane mawaƙi da tasa. Sai na ji yana ta gyaran murya. Ni na san abin da yake yi, laluben wahala yake ya rasa. Yaron da ya tashi a gidan mai tuwo, wace yunwa zai ce ya sha? Can sai ya sauke murya ya ce, “Ni tunda nake, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun ina shan nono ta ba da ni.”

Mara ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin tukunya. Yarinyar rediyo, 'yar zamani da ba ta san komai ba, ta fashe da kuka. Aka buɗe layi, mutane suka yi ta bugowa suna ba shi haƙuri. Gogan naka ya ji ƙamshin kasuwa. Kafin wata ya zagayo ya fitar da waƙar da ta ɗaga shi, “Ba Ta Kira Ni Ba”.

*Kaza na kiran ɗanta, akuya na kiran nata,*
*Ni tawa ta miƙa ni, ko sunana ba ta riƙe ba.*

Tir! Yayata ce ake auna wa da kaza da akuya. Waƙa kuwa ta kama kamar wutar kara. Masu tura waƙa a waya na bakin tasha ba su da abin sayarwa sai ita. Direban Kano ya sa, na Zariya ya sa, mai Keke ya sa, har mai yankan farce yana yi yana rera ta. Ina tsaye ina zuba wa mutum miya yana girgiza kai yana cewa wasu iyayen ba su da imani. Da yawa na fasa ba su nama.

Na same shi a sitidiyonsa, wani ɗaki da aka manna wa katifa a bango. Na ce, “Kai, don ubanka, wace irin waƙa ce wannan?”

Ya ce, “Inna, fasaha ce. Kuma ai ba ƙarya na yi ba. Ta taɓa kira?”

“Ba ta taɓa ba. Ka san dalili ko ba ka sani ba?”

“Na sani mana.”

“Fiyanon da kake dannawa fa? Hulunan fa?”

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Inna, ba za ki gane ba. In na sa wannan a ciki, labarin ya lalace.”

Ka ji fa. Labarin ya lalace. Na dube shi sama da ƙasa na ce lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba, na yi tsaki na fito.

Da a waƙar ya tsaya da da sauƙi. Sai ya yi mata bidiyo, ya je ya tsaya a ƙofar gidansu na Badarawa, ƙofar nan mai koren fenti da kowa ya sani, yana shafa ta yana matse ido. Shi ke nan aka gane gida. Tsofaffin unguwa sun san gaskiya, sun yi Allah wadai, amma tsofaffi ba su da waya. Masu wayar su ne suka yi yawa. 'Yan makaranta in sun taso sai su tsaya a ƙofar su rera amshin su ruga. A Islamiyyar matan aure wata amarya ta janye tabarmarta daga kusa da Yaya. Wani mai sayen hula ya aiko a gaya mata ya daina, wai ba ya cinikin marar tausayi. Ƙanwarsa Maijidda, wadda ke zaune da uwar, ta karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon ta yini ba ta ci abinci ba. Akwai wanda ya rubuta wai irin wannan uwa ko gawarta bai kamata a bi ba. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa, amma wannan shi ya tara duwatsun ya raba wa mutane.

Yaya Kande ta daina fita. Matar da ba a biki ba a suna a Badarawa sai da ita, ta koma daga ɗaki sai tsakar gida. Hawan jini ya kama ta. Na je na same ta da hula a hannu, allura a tsaye, ba ta ɗinki. Na yi ta zaginsa, ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, “Kaltume, bar zaginsa, bakin uwa gare ki. Abu ɗaya nake so. Ki ce wa ɗanki ya gaya wa mutane ban ƙi shi ba. Ko sau ɗaya ya faɗa, kafin in mutu.”

Iyakar abin da ta roƙa ke nan a duniya. Ba gida ba, ba Makka ba. Na ɗauki saƙon na kai, ya ce in bari waƙar ta gama zagayawa. Na koma, ya ce manajansa ya ce yanzu ba lokaci ba ne. Wai manaja! Wani ɗan tsurut mai ɗamammen wando da na sani yana sayar da katin waya. Na sake komawa, ya ce in yi haƙuri ya dawo daga Turai.

Eh, har Turai ƙaryar ta kai shi. Wasu mutane a Wales, can wani yanki na Birtaniya, suna taron mawaƙa duk shekara. An ce su ma suna da yarensu daban da Turanci, suna ji da shi, saboda haka suna son mai waƙa da harshen uwarsa. Suka aiko masa da gayyata, da sharaɗin da Hausa zai yi. Ikon Allah! Mutumin da ya ce Hausa ce ta dakushe shi, sai ga shi a rediyo yana cewa harshenmu gadonmu. Da Bature ya ce yana so, ai sai Hausa ta yi daɗi. Ya cire sarƙa, ya ɗinka manyan kaya, ya zo gidana ya buɗe akwati ya zaɓi hula mafi kyau cikin na Yaya, wata mai ruwan toka da zare shuɗi. Da ita ya hau dandamali ya gaya wa Turawa uwarsa ta yar da shi.

Maijidda ta nuna mini a waya. Ga tsofaffin mata farare tas suna fyace hanci. Wata mai gashi kamar auduga ta hau ta rungume shi, aka ce cewa ta yi daga yau ita ce uwarsa. Shi kuma ya kwantar da kai a kafaɗarta, da hular yayata a kansa. Ban ga laifin matar ba, abin da aka gaya mata ta ji. Wa zai zauna ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari? Wanda ya kamata ya yi shi ne ke jiƙa mata riga da hawaye.

Ya dawo ya yi ƙiba, yana cewa sanyin can ya karɓe shi. Ya kawo mini lema da alewa. Sai ya zaro wani mayafin ulu mai laushi, ya waiwaya hagu da dama, ya ce, “Inna, ki kai wa Umma. Amma kada kowa ya san ni na ba ta, kar a ɗauka a waya.” Na riƙe mayafin ina kallonsa. Maganar uwarsa ce sak a bakinsa, amma ita kunya ta sa ta faɗa, shi kuwa tsoron kada kasuwa ta faɗi. Na kai mata. Ta shafa, ta shinshina, ta ce, “Ɗan naki ya iya zaɓe.” Ba ta ƙara rabuwa da mayafin nan ba, ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

Na ce masa to an dawo daga Turai, saura alkawari. Sai ya gyara zama ya ce ai ma ya samo hanyar da ta fi. Mutanen can suna son ci gaban labari, za su ɗauki nauyin fim ɗin sulhu. Za a je Badarawa da kyamara, Umma ta kira sunansa a gaban duniya, shi kuma ya yafe mata.

Na ce, “Ka me?”

“In yafe mata. Daga nan sai in ce ai dama ba ta ƙi ni ba. Kin ga kowa ya samu abin da yake so.”

Wallahi da muciya na hannuna da na sauke masa ita a tsakar ka. Matar da ta kai shekara arba'in tana riƙe da kunyarta, ita za a zaunar a gaban baƙi ta tuɓe ta, sannan a yafe mata laifin da ba ta yi ba. Na ce ba da ni ba. A lokacin kuma hawan jinin ya riga ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana sai a hankali. Na je na gaya mata don ta ji irin ɗan da ta haifa, ina jiran ta ce kada ya tako mata gida. Ta dubi rufin ɗaki. Sannan ta ce, “In na yi, zai faɗa?”

Na ce, “Haka ya ce. Amma Yaya, kin san hali zanen dutse.”

Ta ce, “Bar shi ya zo.”

Suka zo da hantsi, shi da mai kyamara da wani mai riƙe sanda da abin ɗaukar magana a kai. Suka ce ɗakin ya yi duhu, a fito da ita. Ni da Maijidda muka tallabo ta muka zaunar a tabarma a tsakar gida, muka jingina ta da bango, mayafin ulun a kafaɗarta. Suka kawar da turmi, suka dawo da turmi, wai ya fi nuna talauci. Gogan ya sha shadda, ga hular nan mai ruwan toka. Na gan shi da idona ya juya baya ya shafa man zafi a ƙarƙashin ido.

Aka kunna kyamara. Ya durƙusa a gabanta ya ce, “Umma, ga ni. Kira ni.” Ta dubi baƙin maza biyu, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Aka jira, shiru. Aka sake, shiru. Ana cikin na uku sai jirgin sojan sama ya taso daga Mando ya bi ta kanmu da ƙara, mai sanda ya ce a dakata. Mai kyamara ya ce dama batirinsa ya yi ƙasa, bari ya canja. Su biyun suka koma zaure wurin jakunkunansu.

Sharhabil bai tashi daga inda yake ba. Ya toshe kunnuwansa biyu da iyafis, wai yana jin kiɗan da ke taimaka masa ya kawo hawaye. Ya ɗaga waya ya mai da ita madubi, yana karkata hula dama, yana karkata ta hagu. Ni ina tsugune a gefen Yaya ina gyara mata matashi.

Sai na ga ta ɗago. Tunda aka haife shi ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido a gabana ba sai ran nan. Ta kalli goshinsa, ta kalli gemun da ya fara furfura, ta kai ga hular. A gefen hular, wajen kunne, zare ɗaya ya fita ya yi lilo. Ni ban ma lura ba, amma idon mai ɗinki ne. Ta miƙa hannunta mai lafiya a hankali, ta ce, “Sharhabilu, hularka ta warware.”

Murya ƙasa-ƙasa, amma sunan ya fita tsaf, har da ɗan jan nan na ƙarshe irin na mutanen da, kamar ta saba faɗinsa kullum. Yatsunta suka taɓa gefen hular.

Ya kauce, ya ture hannun, idonsa na kan waya. Ya ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe, “Umma, dakata mana, ba a kunna ba tukuna! Kada ki ɓata mini hula.”

Hannun ya koma kan cinyarta. Ni kuwa bakina ya mutu, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba a tashar Kawo. Mutanen suka dawo, aka saita kyamara. Ya cire iyafis ya sa a aljihu, ya matso hawayen man zafi, ya buɗe hannuwa ya ce, “To Umma, yanzu. Kira ni.”

Ta ja mayafin da ya kawo mata daga Turai ta rufe fuskarta. Aka yi lallashi, aka yi magiya, har ya fara ɗaga murya yana cewa ta san nawa aka kashe kuwa. Nan na miƙe na ɗauki taɓarya na ce duk wanda bai fita ba zai ga aiki. Suka tattara wayoyinsu. Yana fita yana cewa ai ga shi nan, duniya ta shaida, ya ba ta dama ta ƙi.

Da muka mai da ita ɗaki ta kama hannuna ta ce, “Kada ki gaya masa.” Na ce to. Ta san ni sarai, ta san ban taɓa riƙe irin wannan ba, amma wannan karon na riƙe, don na ga ba ta da sauran abin da za a ƙwace mata sai shi.

Fim dai ya fito. Ya samo wata tsohuwar mai amshi a sitidiyo, aka ɗauke ta ta baya da lulluɓi, ta kira sunan da muryar kuka, ya faɗa jikinta ya yafe mata. An ce har lambar yabo aka ba shi. Maganar da uwarsa ta roƙa kuwa, cewa ba ta ƙi shi ba, ba ta cikin fim ɗin. Wai an yanke ta don lokaci ya ƙure.

Yaya Kande ta rasu da damina, ranar wata Laraba, ana yayyafi. Mutanen da suka bi gawarta sun cika layi har bakin titi, don Badarawa ba duka ta haukace ba. Shi ma ya zo zaman makoki da baƙin tabarau, da hular nan dai, yana karɓar gaisuwa kamar wanda ya yi jinya. Ranar uku, bayan an shafa addu'a, ya shigo cikin gida ya same ni a ƙofar ɗakinta. Ya zauna ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Inna, abin da ke ci mini rai, har ta tafi ba ta kira ni ba.”

Na ce a raina wadda ta hana ni faɗa tana ƙasa, ba abin da zai ƙara taɓa ta. Na ce, “Ta kira.”

Ya cire tabarau.

“Ranar da kuka zo da kyamara. Kana nan durƙushe, ga inda ka sa gwiwa. Ta ce, Sharhabilu, hularka ta warware. Ta miƙo hannu za ta gyara maka, ka ture shi. Kunnenka na toshe kana neman hawaye.”

Ya kai hannu gefen hular, ya laluba, ya ji zaren. Na ga idonsa ya kaɗa, wannan karon babu man zafi. Har na fara cewa a raina, to, Alhamdulillahi, ashe akwai sauran mutum a ciki. Na ma fara neman kalmar da zan rarrashe shi da ita, don komai lalacewarsa ni na goye shi.

Sai ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, “Inna, babu wanda ya ɗauka a waya? Ko Maijidda?”

Ban zage shi ba. Na miƙa hannu na cire hular daga kansa, a gaban matan da ke zaune, na shige ɗakin Yaya na turo ƙofa. Hular tana nan a ƙasan akwatina har yau, zaren na lilo yadda ta gan shi, don ni ban iya ɗinki ba.